Yadda ɗan wasan tsakiya zai koma mai tsaron baya ya daɗe a fili, irin na Makoto Hasebe

Hasebe ya bar Urawa Reds ta Japan zuwa Wolfsburg ta Jamus a 2008, ya ci gasar Bundesliga a 2009, bai ajiye takalmi ba sai 2024 yana da shekara 40. Abin da ya tsawaita zamansa shi ne komawa tsakiyar 'yan baya uku a Eintracht Frankfurt, zamanin koci Niko Kovač.

In za ka yi wannan sauyi, fara da tsayuwa: ka ja baya taku biyu ko uku daga abokan tsaronka, ka riƙa waiwaye kafin ƙwallo ta iso, ka tarbe ta da ƙafar da ke nesa da mai matsa maka. Kada ka bi ɗan gaba har tsakiyar fili. Nan yawanci ake tafka kuskure, domin tsohuwar ɗabi'ar ɗan tsakiya tana fizgarka gaba, sai a jefa doguwar ƙwallo ta ratar da ka bari.

Ƙwallon sama kuwa, bar wa dogayen da ke gefenka, kai ka kwashi wadda ta faɗo. Sannan ka koyi harshen ƙasar da kake wasa a cikinta. Hasebe da Jamusanci yake jera 'yan bayansa.