Ga masu zuwa Alƙahira tiyatar rage tumbi

'Yan uwa masu shirin tahowa Masar a rage muku ƙiba, ba zan ɓata lokaci kan biza da tikiti ba. Jirgi na tashi daga Kano kai tsaye, kuma ɗalibanmu na Azhar, Allah ya saka musu da alheri, ba sa barin baƙo yana rarraba ido a filin jirgi. Aikin ma ba ya daɗewa. Ta ƙananan huji ake yin sa, bayan kwana ɗaya ko biyu a sallame ka. Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne masauki, bayan sallama.

A aikin da aka fi yi, wanda Misirawa ke ce wa takmim, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi. Abin da ya rage siriri ne kamar ayaba, an ɗinke shi daga sama har ƙasa, kuma ɗinkin ɗanye ne. Shi ya sa kimanin sati biyu ba abin da zai wuce maƙogwaro sai mai ruwa. Da farko ruwa, shayi marar sukari da romon kaza tatacce wanda aka kwashe wa mai. Daga baya madara marar kitse, zabadi (kindirmon Misirawa) da aka dama ya tsinke, da miyar adas (wani irin ƙananan wake) da aka tace. Ni ma na bi ta wannan hanya, na san yadda ƙamshin girkin maƙwabta ke hana barci.

Ana so ka sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, amma kurɓi-kurɓi, tun daga asuba har kwanciya. Wanda ya jira sai ƙishirwa ta kama shi ya riga ya makara, don ba shi da wurin da zai kwankwaɗa. Bushewar jiki na cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gadon asibiti, ballantana a zafin Alƙahira. Fitsari ya yi duhu, jiri ya zo, to ruwa ya yi ƙaranci.

Sai maganar kunu. Bahaushe da ya ji an ce abu mai ruwa, hankalinsa ya tafi kan koko da fura, har wasu kan taho da gari a jaka. Kunu gari ne da sukari. Zai cika ɗan wurin da ya rage, alhali jiki na neman furotin aƙalla giram 60 kullum don ɗinki ya warke. Fura kuwa ga gaya, ga citta, ga barkono. Ruwan rake da ake matsewa a kowace kwana a garin nan sukari ne zalla, lemo mai gas kuma kumbura tumbi yake yi.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan 'yan dubiya. Ina alfahari da mutanenmu a nan: ka kwanta ciwo, kafin la'asar kuloli sun cika ɗaki. To a wannan jinyar kulolin ne matsala. Akwai wata Hajiya da ta zo da ƙanwarta a matsayin mai jinya. Sati bai cika ba aka kawo tuwon shinkafa miyar kuka. Ƙanwar ta dubi yayarta ta rame, tausayi ya kama ta. "Haba Yaya, loma ɗaya mai laushi me za ta yi miki?" Cikin dare muka nemi tasi, Hajiya tana amai tana riƙe da ciki. Allah ya tsare, ɗinkin bai buɗe ba, amma kuɗin tsaraba duk ya tafi a hoto da ƙarin ruwa. Ku zo da mai jinyar da za ta iya cewa a'a, ko da uwar miji ce ta kawo kwanon.

Batun masauki, kada dillali ya ruɗe ku da ɗakin sati ɗaya. Ku kama gida mai kaya na wata guda, a unguwar Madinatu Nasr ko kusa da asibitinku, mai firiji da lif. Ku gwada lif ɗin da kanku, kuma a rubuta kuɗin ajiya a takarda kafin ku miƙa. Ku sayi bilenda da mataci.

Kada ku yanki tikitin komawa sai likita ya ba da rana, domin bayan tiyata zaman jirgi na iya sa jini ya daskare a ƙafa. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ko zazzaɓi, ko ciwo a kafaɗar hagu, a tafi asibiti nan take, ba a jiran gari ya waye. Masu sa ranar aiki dab da Ramadan kuma, ku tambayi likita batun azumi tun kafin ku biya kuɗi.