Yadda na gyara ƙafar jirgin Kawu da ta ƙi ɗagawa

Tsohon jirgin ruwan Kawu mai injin MerCruiser, wanda yake kaiwa dam ɗin Jibiya, ya zo mana Katsina a kan tirela da ciwo ɗaya: ƙafar da ke ɗauke da farfela tana sauka, amma in ka danna maɓallin sama, shiru.

Kawu ya riga ya yanke hukunci a kan famfon da ke tura mai ya ɗaga ƙafar ko ya sauke ta. "Famfon ne ya mutu, yaro, a sayo sabo." Na ce, "Kawu, a yi haƙuri in duba tukuna."

Da na danna maɓallin tirela, wanda ke ɗaga ƙafar gaba ɗaya, sai ta tashi sarai. Ashe famfo lafiya lau, haka solonoid ɗin sama mai shuɗiyar waya, wato na'urar da ke ba famfon wuta ya ɗaga ƙafar (koriyar wayar ta sauka ce). Maɓallin tirela ba ya bi ta makunnin iyaka, wanda ke hana ƙafar tashi fiye da kima, shi kuwa na sama dole sai ta nan. Makunnin yana waje, a gefen zoben da ƙafar ke juyawa a kai, kullum cikin ruwa da rana. Robar wayoyinsa biyu ta tsattsage, ɗaya ta katse. Na sa sabon makunni da wayoyinsa, na daidaita shi.

Man famfon ma ya yi fari kamar nono, alamar ruwa ya shiga. Na zubar, na sauke ƙafar har ƙasa, don a haka ake auna man, na zuba sabon mai samfurin 10W-30, na yi ta sama da ƙasa har iska ta fita. Ranar Asabar zan buɗe silindar hagu, ɗaya daga cikin masu tura ƙafar sama da ƙasa, don robarta nake zargi da shigar ruwan.