Yadda zaka kauce wa rigimar bashi a teburin sinuka

Na fi shekara goma ina riƙe sanda, har yau in ina wucewa ta lungu naji ƙarar ƙwallaye sai ƙafata ta tsaya da kanta. Ina son wasan nan sosai. Amma mutum biyu da muka tashi unguwa ɗaya yau ko gaisawa bama yi, kuma ba wasan ne ya raba mu ba, bashin da ya biyo bayansa ne. Shi yasa nake so in yi magana da ƙannena masu zuwa gidajen sinuka, musamman wanda hannunsa ya fara faɗawa har manya sun fara ce masa zo ka buga min ni zan saka kuɗi.

Kar ma wani ya ɗauka caca nazo koyarwa. Caca haramun ce, Suratul Ma'ida aya ta 90 ta gama magana, aya ta 91 kuma ta faɗi abinda take haifarwa, gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, wallahi duk wanda ya zauna a gidan sinuka ya ga fassarar ayar nan da idonsa. Toh amma mun san ana yi, kuma yaro baya gane ya shiga sai ruwa ya kai masa wuya, gara ya san alamomin tun daga nesa.

Abu na farko da zaka saka a ranka, bashin tebur ba shi da kotu. Ko a Ingila, tun daga dokar 1845 alƙali baya sauraron ƙarar bashin caca, sai a 2007 da sabuwar dokarsu ta fara aiki aka canza. A Kano kuwa kaje Hisba ko kotun shari'a kace na ci wane dubu ɗari a sinuka ya hana ni, kai zaka fara amsa tambaya. Kaga kenan hanya biyu ce ta rage wa mai bin bashi, ko ya tozarta ka a majalisa ko ya turo maka yara. Duk amanar da ake faɗa a wajen nan a kan suna kawai take tsaye, suna kuwa dare ɗaya yake zubewa.

Dubi yadda waɗanda suka maida abin sana'a suke yi. A Amurka akwai gasar Derby City Classic da aka fara a 1999 a garin Luwisbil na jihar Kentaki, an santa da wasan kuɗi da ake kwana ana yi a gefe, manyan 'yan wasa da iyayen gidansu masu saka musu kuɗi duk suna haɗuwa. Mutanen nan wasu sun shekara ashirin da sanin juna, amma ƙa'idar da suka gada ita ce ba'a fasa ƙwallo sai kowa ya fito da kuɗinsa, a ɗora a saman fitilar da ke kan tebur ko a damƙa wa wani na uku da duka ɓangarorin suka yarda da shi. Har suna suke da shi na mutumin da ya shiga wasa aljihunsa wayam, ma'anarsa kamar kace mai harbin iska, wato mai harbi da bindigar da ba harsashi, in ya ci ya karɓa, in an ci shi yace a bi shi bashi. In waɗannan basu yarda da maganar baki ba, kai meye naka na yarda da wanda ka sani wata uku.

Namu masu harbin iskan kalamansu sanannu ne. Mu buga in an gama zan maka tiransifa. Netwok ne ya ƙi. Bari yarona ya dawo daga wajen mai POS. Wani ma zai nuna maka alat na bogi a wayarsa, kai kuma kunya ta hana ka buɗe taka ka duba. Da kaji ɗaya daga cikin waɗannan ka ajiye sanda, ba sai kayi faɗa ba, kace kai dai tebur kawai zaka biya. Haka in aka fara ajiye waya ko makullin mashin a matsayin jingina, tashi ka tafi, don mashin ɗin sau da yawa ma ba nasa bane, na babansa ne ko na wanda ya bashi haya, gobe kuma sunanka ne zai fito a bakin mai unguwa.

Inda nafi so ka tsaya ka karanta da kyau shine maganar ninki. Nan ne ake halaka. An ci ka dubu 5, baka da ita, sai wanda ya ci ka yayi murmushi yace ba komai mu ninka, in ka ci shikenan an tashi ba bashi. Kai a ranka sauƙi ya maka. Lissafa mana: 5 ta zama 10, ta zama 20, 40, 80, gem biyar kacal ana binka dubu 160, kuma duk cikin awa ɗaya ko biyu, kai da baka iya fito da dubu 5 ba. Kuma ka lura hannunka ba ɗaya bane da lokacin da kake wasan nishaɗi, sandar rawa take, baƙin ƙwallon da kake jefawa ido rufe yanzu sai ya tsaya a bakin rami, shi kuwa hankalinsa kwance tunda ba abinda zai fita daga aljihunsa. Nawa ya faru haka ne, wani abokina na zauna ina kallo ana ninka masa ban ce komai ba saboda kar ace na shiga abinda ba ruwana, daga baya ya zo na ranta masa ya biya, kuɗin basu dawo ba shi ma bai dawo ba. Da na ja shi waje tun a gem na biyu da yanzu muna tare. Idan ka ga ana yi wa naka haka, ka kama hannunsa ku fita, ya ji haushinka na kwana biyu.

Sai maganar ubangida. Tsarin a ko'ina kusan ɗaya ne, mai kuɗi ya saka, kai ka buga, in an ci a raba riba, in an faɗi asarar tasa ce. A baki kenan. A zahiri ranar da ka faɗi sau biyu a jere zai fara kallonka da zargin ka sayar da wasa, wato kun haɗa baki da abokin karawarka zaku raba kuɗinsa a bayan gida, kuma ba yadda zaka wanke kanka don ba wanda zai iya tabbatar da cewa kuskuren da kayi na gaskiya ne. Zargin ma ba daga sama ya faɗo ba, ana yi. A babbar sinuka ta duniya an dakatar da Stephen Lee ɗan Ingila shekara 12 a 2013 kan sayar da wasa, a 2023 kuma aka hukunta 'yan wasan Sin guda 10, biyu daga ciki, Liang Wenbo da Li Hang, an kore su har abada. Can akwai hukuma da bincike da lauya. A lungunku wa zai yi binciken? Wasu iyayen gidan kuma sai su maida asarar bashi a kanka, suce sai ka buga ka fanshe, ka wayi gari kana yi wa mutum aiki kyauta.

Kar kuma girman mutum ko shigarsa ta ruɗe ka. A 2006 wani ɗan kasuwar Amurka Kevin Trudeau ya shirya gasa mafi tsoka da aka taɓa gani a wasan a lokacin, a garin Rino, Efren Reyes ɗan Filifin ya ci dala 500,000, ga talabijin ga kwat ga manyan baƙi, amma da aka tashi 'yan wasa sai jira suka yi ta yi ba'a biya su a kan lokaci ba, daga nan tafiyar ta ruguje.

Toh in ka riga ka shiga fa? Ka daina wasan kuɗi yau, ba sai ka fanshe ba, fanshewar nan ita ce igiyar. Sannan ka raba bashin gida biyu. Wanda ka ranta a hannun wani, ko da caca kayi da shi, bashi ne na gaskiya a wuyanka, ka je ka same shi ku rubuta nawa ne da ranar biya da shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta koyar, ko dubu biyu biyu ne duk sati ka fara. Wanda kuma aka ci ka a tebur, malamai basa ɗaukarsa haƙƙi tunda asalinsa ɓatacce ne, amma kar ka tsaya gaban mutum kana ja masa aya alhali jiya tare kuka buga, rigima zaka ƙara. Ka nemi babba da yake jin nauyinsa, yayanka ko limami ko mai unguwa, ka faɗi gaskiya duka har adadin, a zauna ayi sulhu. Kar ka kashe waya ka ɓuya, ɓuya ce take sa a zo ƙofar gidanku. In an fara maka barazana kuwa ka sanar da gida da hukuma a ranar.

In kuma kai ke bi, ka bar shi. Nasan da ciwo, amma kuɗin ba naka bane tun farko, kuma duk wanda ka tura karɓowa baka san inda zai tsaya ba.

Wasan kansa ba sai ka bari ba. Mu yanzu in mun haɗu kowa kuɗin teburinsa yake bayarwa tun kafin a jera ƙwallo, ko tsarin nan na wanda ya faɗi shi zai biya mun daina, don malamai da yawa sun saka shi cikin caca, kuma daga shi ake fara cewa a ƙara ɗari biyar a kai. Muna rubuta gem a allo da alli, wanda ya fara kai bakwai ya riƙe tebur, na gaba ya ɗau sanda.