Yadda nake haɗa ruwan garin jan ƙarfe a tiyon kwashe zafi

A watan Afrilu, in zafin Damagaram ya haura digiri 40, kwamfutocin da ake kawo mini gyara a Zango galibi zafi ne ya kashe su. In ka buɗe ɗaya za ka ga siririn tiyon jan ƙarfe kusa da fanka. Ɗan ruwa ne da lagwani a cikinsa. Ruwan ya tafasa a gefen zafi, tururi ya gudu gefen sanyi ya koma ruwa, lagwani ya jawo shi baya. Wannan ruwan nake yi wa ƙarin garin jan ƙarfe, domin jan ƙarfe ya ninka ruwa fiye da sau 600 wajen wuce da zafi.

Nemi garin jan ƙarfe wanda ƙwayarsa ba ta kai nanomita 100 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), kada ka buɗe shi sai ranar aiki, iska na baƙanta shi. Sa takunkumi. Ruwan famfo ba ya yi, sai tataccen ruwan da ake zuba wa batir. A giram 100 na ruwa, rabin giram na gari ya isa. Juyi da cokali ɓata lokaci ne, zai kwanta kamar ƙullun koko. Ni injin girgiza na masu wanke allon waya nake ara, in bar kwalbar ciki awa guda. In ta kwana ba laka a gindi, haɗi ya yi.

Sai ka zuƙe iskar tiyon da famfon masu gyaran firji, ka ɗura ruwan da sirinji, kamar kashi 40 cikin 100 na gefen zafi, ka matse baki ka liƙe. Dole tiyon ya zama na jan ƙarfe. Alminiyam da ruwa iskar haidurojin suke haifarwa, ta tare wa tururi hanya.

Abin da na daɗe ban gane ba, garin ba ya bin tururi. A gefen zafi yake zama, ya shafe bango da lagwani, ruwa ya riƙa jiƙa su da kyau. Karon farko na ninka awo sau huɗu, ina zaton zai fi. Da na yanka tiyon, lagwanin ya toshe da jar laka, abin ya ƙona mini rai.

Tun ranar tiyo biyu nake yi, ɗaya da ruwa zalla. In ba su wuta iri ɗaya, in auna zafin kai da na gindi. Wanda tazararsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi aiki. Bayan wata guda nakan sake aunawa, domin garin yana iya dunƙulewa.