Yadda ake ɓoye mazubin geocaching don karrama Walter Tull a Northampton

Wasan geocaching ya fara ne a watan Mayun 2000 a jihar Oregon ta Amurka, kuma tsarinsa ba shi da wuya: wani ya ɓoye ɗan mazubi, ya wallafa lambobin GPS na wurin a shafin Geocaching.com, masu nema su bi wayoyinsu har su gano shi, su sa hannu a takardar da ke ciki. Ana iya karrama wani ɗan gari ta wannan hanya, kuma a garin Northampton na Ingila da wuya a sami wanda ya fi Walter Tull cancanta.

Matakin farko shi ne tattara tarihin da za a rubuta a shafin mazubin. An haifi Tull a Folkestone a 1888, mahaifinsa mutumin Barbados ne. Ya buga wa Tottenham ƙwallo kafin Herbert Chapman, kocin ƙungiyar Northampton Town a lokacin, ya kawo shi ƙungiyar a 1911, inda ya buga wasanni fiye da 100. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke sai ya shiga soja, aka ba shi muƙamin hafsa a 1917, a lokacin da ƙa'idar sojan Birtaniya ba ta yarda a ba wanda ba tsantsar Bature ba wannan muƙami. An kashe shi a Faransa ranar 25 ga Maris, 1918, ba a kuma gano gawarsa ba, shi ya sa sunansa yake jikin bangon tunawa na Arras.

Daga nan sai zaɓen wuri, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Akwai dutsen tunawa da Tull da aka buɗe a 1999 kusa da Sixfields, filin wasan Northampton Town, amma bai dace a cusa mazubi a jikinsa ba, domin masu nema za su yi ta laluben gindinsa a gaban masu ziyara. Abin da ya fi shi ne a yi ɓoyo mai mataki biyu. Lambobin da aka wallafa su kai mutum gaban dutsen, a ce masa ya ƙirga haruffan wata kalma a cikin rubutun da ke jiki, adadin da ya samu ya cike gurbin lambobin inda mazubin yake, can ɗan nesa. Ta haka dole ne ya tsaya ya karanta rubutun kafin ya wuce, wanda shi ne dalilin ɓoyon tun farko.

Ƙa'idojin shafin a fayyace suke. Sai an nemi izinin mai fili, ba a haƙa rami a binne mazubi, kuma dole tazarar da ke tsakaninsa da wani mazubin ta kai mita 161. A samu roba mai murfi da ruwa ba ya shiga, a rubuta a jikinta cewa ta wasa ce (akwatin da ba a san mai shi ba kusa da filin ƙwallo yana iya tayar da hankalin jami'an tsaro), a sa takardar sa hannu da ɗan fensir a ciki. Kada a sa abinci, don dabbobi za su tone shi.

Bayan an ɗauki lambobin wurin an sake gwada su, sai a ba mazubin maki daga 1 zuwa 5 na wuyar ganowa da na wuyar hanya, a tura wa mai tantancewa, wanda ɗan sa-kai ne. Yana da kyau a gargaɗi masu nema a shafin su guji ranar wasa saboda cunkoso. Idan an wallafa, kula da mazubin ya rataya a wuyan wanda ya ɓoye shi: ya riƙa karanta bayanan da masu nema suke bari, ya canza takarda idan ta cika ko ta jiƙe, ya kuma janye mazubin daga shafin idan ba zai iya ci gaba da zuwa duba shi ba.