Yadda Ake Aikin Fasaha Kan Mata Ma'aikatan Lafiya Ba Tare da Cin Amanarsu Ba

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2019 ya nuna cewa mata ne kusan kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan lafiya da kula da jama'a a duniya, amma kashi 25 kawai na manyan muƙamai ke hannunsu. Ya kamata mai zane, mai ɗaukar hoto ko mai shirya fim ya riƙe wannan a zuciya tun kafin ya fara, domin matan da zai yi aiki da su sun saba a yanke shawara a kansu daga sama, kuma bai dace aikinsa ya zama wani sabon dandalin da ake maganarsu ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Izini iri biyu ake nema, na hukumar asibiti da na matar kanta, kuma na farko ba ya wadatarwa daga na biyu. Idan shugabar sashe ce ta kai mai fasaha gaban ma'aikaciyar jinya ta ce a ba shi haɗin kai, to amsawar da za ta yi ta fi kusa da biyayya fiye da amincewa. Abin da ya fi shi ne a bar gayyata a rubuce, mai sha'awa ta tuntuɓi mai aikin da kanta, kuma kada a taɓa shaida wa shugabanni wadda ta ƙi. Sanarwar Helsinki ta 1964 an yi ta ne domin binciken likitanci, amma ƙa'idarta ta dace a nan: mutum ya san abin da zai shiga, ya shiga da son ransa, ya kuma iya fita. Saboda haka a faɗa mata inda za a baje aikin, ko za a sayar da shi, ko sunanta zai fito, da ranar ƙarshe da za ta iya janyewa kafin a kai ɗab'i. A gaya mata ƙarara cewa abin da ya hau intanet da wuya a iya dawo da shi.

Wanda aka fi mantawa da shi shi ne majinyaci, wanda bai sa hannu a kan komai ba. Kafin a ɗauki hoto a duba bayan matar da kyau: allon bango mai sunayen waɗanda aka kwantar, fayil ɗin da aka bari a buɗe a kan tebur, takardar da aka manna a jikin robar ƙarin ruwa, fuskar kwamfuta, har da gilashin taga da ke nuna wanda ke kwance a gadon gefe. Mai naɗar murya kuma ya saurara, domin sau da yawa akan ji ana kiran sunan wani daga nesa. Wayoyi da yawa kan ajiye wuri da lokacin ɗauka a cikin hoton, don haka a goge wannan bayani kafin a tura shi ko'ina. Ƙasashe da dama suna hukunta sakaci da bayanan lafiya, kamar Amurka da dokarta ta 1996 da Tarayyar Turai da tata da ta fara aiki a 2018. A ganina ko babu doka, matar da ke naƙuda ko mai fama da ciwo ba ta cikin halin ba da izini, kuma ɗakin hutun ma'aikata ko ɗakin da babu kowa ya isa a yi aiki mai kyau.

Haɗin gwiwa na gaskiya yana farawa ne lokacin da matan suka sami iko a kan yadda za a nuna su. A farkon shekarun 1990, wasu masu bincike biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, sun raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, su matan suka ɗauki hotunan rayuwarsu suka kuma bayyana ma'anarsu. Ko ba a bi wannan hanya gaba ɗaya ba, a zauna da kowace mace ta ga hotonta ko zanenta, ta karanta kalamanta, ta cire abin da ba ta so. Wannan yana da muhimmanci musamman idan ta yi ƙorafi kan ƙarancin kayan aiki, jinkirin albashi ko cin zarafi, domin sauya mata suna ba zai ɓoye ta ba idan ita kaɗai ce ungozomar da ke aikin dare a wannan sashe. A lokacin annobar korona an yawaita kiran ma'aikatan lafiya jarumai, yabon da ke da daɗin ji amma yakan rufe gajiya da buƙatunsu. A tambaye su yadda suke so a gan su. Kada kuma a tsaya kan likitoci kawai a bar masu shara, masu wanki da ma'aikatan ɗakin gwaji.

Batun kuɗi da mallaka a rubuta shi tun farko. A bisa al'ada haƙƙin mallaka na wanda ya ƙirƙiri aikin ne, don haka idan mace ta ɗauki hoto ko ta rubuta labarinta, a bayyana rabonta da yadda za a ambace ta. A biya ta lokacinta da kuɗin sufuri idan ƙa'idar wurin aikinta ta yarda, a tsara ganawa daidai da jadawalin aikinta, a ba ta kwafin abin da aka yi. Idan bayan shekaru wata jarida ko ƙungiya ta nemi amfani da hoton a wani kamfe na daban, a koma a sake neman izininta kafin a amsa.