Kurakuran da ake yi wajen canza sifirin na bawul a injin da aka ƙara wa ƙarfi

Duk wanda ya sa wa mota kam mai tsayin tozo (kam shi ne sanda mai tozaye da ke juyawa a cikin inji), ko ya ɗaura mata tobo (na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji), ko ya buɗe mata iyakar juyawar inji, dole wata rana ya zo kan maganar sifirin na bawul. Bawul shi ne ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi a silinda; kam ne ke tura shi ya buɗe, sifirin kuma shi ke dawo da shi ya rufe. Idan inji na juyawa sau 6,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Da zarar sifirin ya gaza, bawul sai ya daina bin bayan kam, ya riƙa rawa a wurinsa. Za ka taka totur ka ji motar ta ƙi ƙara wuta a sama, tana tari. In abin ya yi muni, fistin ya taras da bawul bai koma ba, ya lanƙwasa shi.

Kuskuren da na fi gani shi ne tunanin cewa wanda ya fi tauri shi ya fi kyau. Mutum ya shiga kasuwa, ya matsa sifirin da tafin hannu, ya zaɓi wanda ya ƙi lotsawa. To, duk ƙarfin nan a kan tozon kam yake sauka, da roka (ƙarfen da ke kai turin kam zuwa bawul), da bel ɗin taimin. An taɓa kawo mini wata mota tana ƙas-ƙas a sama, ba a yi wata biyu da haɗa ta ba. Da na buɗe murfin top, wato kan inji, na shafa yatsa a kan kam, tozo biyu sun riga sun cinye, baƙin man kuma yana ƙyalli da garin ƙarfe. Mai motar ya ce, "Oga, ai na tsada na saya." Na ce masa, "Alhaji, tsadarsa ba ta sa ya dace da kam ɗinka ba." Kamfanin da ya ƙera kam yana rubuta ƙarfin da ake buƙata idan bawul na rufe da kuma idan ya buɗe gaba ɗaya. Wannan takardar ita ce ma'auni, da ita ake zuwa sayayya.

Sai rashin awo, kuma a nan nake so a fi mayar da hankali. Abu uku ake aunawa. Akwai tsayin da sifirin ke zama idan an ɗaura shi bawul na rufe. Akwai tsayinsa idan an matse shi har zobbansa sun haɗu, babu sauran inda zai je. Akwai kuma nisan da bawul ke buɗewa. A ce tsayin zama milimita 40 ne, bawul na buɗewa milimita 11, saura 29 ke nan. Idan zobban suna haɗewa a 27, akwai rarar milimita 2, lafiya lau, domin mafi ƙarancin da masu haɗa inji ke bari shi ne wajen milimita 1.5. Yanzu sai wani ya cusa washa mai kaurin 1.5 a ƙarƙashi don ya ƙara tauri. Rarar ta koma rabin milimita. Inji ya yi zafi, ya hau juyi, sifirin ya zama dunƙulen ƙarfe, kuma wani abu dole ya karye: ko roka, ko shi sifirin ɗin. A injin mai roka kar a manta cewa tsayin tozo ba shi ne buɗewar bawul ba. Tozon milimita 7 da roka mai ninkin 1.5 yana ba da 10.5, amma da mai 1.6 ya zama 11.2. Kowane bawul a auna shi daban, musamman idan an taɓa sassaƙe mazauninsa, saboda tsayin ba ya zuwa ɗaya.

Akwai wata rara da mutane ke mantawa da ita kwata-kwata: tsakanin ƙasan hular sifirin (faifan da ke danne shi daga sama) da robar da ke tare mai a wuyan bawul. In hular tana dukan robar, mota za ta fara hayaƙi mai shuɗi, a yi ta zargin ringi alhali lafiyarsa ƙalau.

Hula da 'yan makullai biyu da ke riƙe ta a jikin bawul ma ba a haɗa su barkatai. Akwai masu gangaren digiri 7, akwai masu 10, a ido kamar ɗaya suke. Ka haɗa wannan da wancan, za su zauna kamar sun kama, ranar da suka saki bawul ya faɗa cikin silinda. A saye su saiti guda. Idan top ɗin na alminiyam ne, a tabbata washar ƙarfe ta ƙarƙashin sifirin tana nan, in ba haka ba zai ci top ɗin. Sifirin da zobbansa suka fi matsuwa a gefe ɗaya, wannan gefen ne ke kallon top.

Masu tobo suna da nasu lissafin. Iskar da tobo ke turowa tana danna bayan bawul ɗin shiga, tana neman buɗe shi. Bawul mai faɗin milimita 35, a matsin bar ɗaya (bar ma'aunin matsin iska ne), yana shan turi na kusan kilo 10, kuma daga ƙarfin sifirin ake cire wannan. Shi ya sa sifirin da ya isa jiya zai iya gazawa bayan an ƙara matsi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake riƙe kayan. Yaro ya ɗora soket a kan hula ya buga da guduma, ko ya kama sabon sifirin da filaya, ko ya watsa su a ƙasan gareji cikin yashi. Ƙarzane ɗaya ko ɗigon tsatsa ya isa ya zama mafarin tsagewa, tunda ƙarfen yana lanƙwasuwa sau miliyoyi. A yi amfani da abin matse sifirin, a bar su cikin mai har lokacin ɗaurawa. In ba a sauke top ba, a kawo fistin sama, a hura iska ta ramin filogi ko a cusa igiya mai laushi don ta tare bawul.

Tashin farko ma yana da ƙa'ida. Sabon kam irin wanda shimfiɗaɗɗen tafet (ƙarfen da ke karɓar turin tozo) ke gogawa a kansa, idan sifirin ɗin mai hawa biyu ne, ana cire na ciki tukuna, a bar inji ya yi minti 20 zuwa 30 a juyi 2,000 zuwa 2,500, da man da ke da sinadarin zink, sannan a mayar da na cikin. Kafin a murza makulli kuwa, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, filogi a cire. Idan ka ji ya cije a wani wuri, ka ajiye sifana ka koma kan awo.